Hadarin gabas: awa biyu tsakanin Damagaram da Tasawa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Tasawa ko ta Mayahi ya san inda ake duban hadari: gabas ake juyawa. Idan la'asar ta yi, zafi ya dame gari, iska ta ɗauke cak har ganyen bedi ya daina motsi, sai a ga dattawa suna ɗaga kai wajen Damagaram. Da sun hango baƙi ya tokare gindin sama, sai magana ta ƙare: mata su kwashe shanya, yara su koro awaki, mai gona ya saɓa hauyarsa. Wannan sani ne da aka gada tun kaka da kakanni, kuma masana yanayin sama, da dukan na'urorinsu, ba su ƙaryata shi ba, sai ma ƙara tabbatar da shi da suka yi.

Gundumomin nan biyu na jahar Maraɗi, kowace ta haura mutum dubu 500 a ƙidayar jama'a ta 2012, kuma kusan dukansu da ruwan sama suka dogara. Abin da ke sauka a shekara bai cika wuce milimita 350 zuwa 500 ba, yana raguwa idan aka nufi arewa, kuma duka cikin wata uku zuwa huɗu yake zuba. Binciken da aka yi a ƙasar nan ya nuna cewa kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da ke sauka a yankin Sahel, manyan hadura masu tafiya ne ke kawo shi, ba yayyafi ba. Ke nan hadarin da ke cika rumbu shi ne kuma mai yaye rufi, mai kayar da garu, mai sakin tsawa a kan makiyayi. Ba a iya roƙon ɗaya a ƙi ɗaya. Abin da ya rage wa ɗan adam shi ne ya fahimci yadda abin yake haɗuwa, ya kuma ji labarinsa kafin ya iso ƙofar gida.

Duwatsun murhu uku

Tukunya ba ta zama a kan dutse biyu. Haka ma babban hadari, sai abubuwa uku sun haɗu yake tsayuwa.

Na farko shi ne laima. Tun daga watan Afrilu rana ke gasa hamada, iskar da ke kanta ta yi zafi, ta yi sauƙi, ta tashi sama. Gurbin da ta bari sai ya jawo iska mai ɗauke da tururin ruwa daga tekun Gine, ta keto Najeriya ta shigo ƙasar nan ta kudu maso yamma. Ita ce iskar bazara wadda ake ji da sanyin safiya, wadda shamuwa ke biyowa. Inda wannan iska ta yi karo da busasshiyar iskar arewa akwai wata iyaka da ma'aikatan yanayi ke kira FIT a faransance. Iyakar tana haurawa arewa sannu a hankali har ta wuce Agadas a watan Agusta, sa'an nan ta koma kudu. Sai ta gota gari da ɗaruruwan kilomita kafin laimar da ke bayanta ta yi kaurin da za ta ba da ruwan kirki. Shi ya sa Korgom da Hawandawaki kan riga arewacin Mayahi shuka a mafi yawan shekaru.

Na biyu shi ne zafin ƙasa. Iskar da ta kwanta kan yashi mai zafi takan so tashi, kuma duk iskar da ta tashi sai ta huce, tururin da ke cikinta ya daskare ya zama girgije. Wurin daskarewar nan wani zafi ke fitowa, wanda ke ƙara tunkuɗa iskar sama, har girgijen ya kai tsawon kilomita 15 ko fiye, inda sanyi ke kai awo 70 ƙasa da sifiri. Sai dai a bisa iskar laima akwai wani shimfiɗi na busasshiyar iska mai ɗumi da ke fitowa daga hamada, wanda ke zama kamar murfi a bakin tukunya. Murfin nan yana hana ƙananan gizagizai girma, zafi da laima su yi ta taruwa a ƙarƙashinsa kwana da kwanaki. Wannan ne gumin da ke hana barci ana gobe ruwa. Ranar da murfin ya fashe a wuri guda, abin da aka tara duka ta nan yake fita. Galibi a kan tuddai yake fara fashewa da tsakar rana zuwa la'asar: duwatsun Abzin, tsaunukan Jos, da tuddan ƙasar Cadi da na Darfur. Masana sun kuma gano cewa hadari ya fi saurin tashi a inda busasshiyar ƙasa ta yi iyaka da wadda ruwa ya jiƙa kwanan nan, domin bambancin zafinsu yana tayar da wata ƴar iska da ke taimakon girgije ya huda murfin.

Na uku shi ne wanda ido ba ya gani. Can sama, wajen kilomita 3 zuwa 4 daga ƙasa, akwai wata iska mai ƙarfi da ke gudu daga gabas zuwa yamma duk tsawon damina. Abin da ke haifar da ita shi ne bambancin zafi tsakanin hamada da ƙasashen bakin teku. A ƙasa iska na zuwa daga kudu maso yamma, a sama kuwa daga gabas take zuwa. Wannan saɓani shi ke karkatar da girgije, ta yadda ruwan da ke zubowa ba ya faɗa wa iskar da ke hawa ya kashe ta. Ba don shi ba, da hadari ya zuba a inda ya tashi, ya mutu cikin awa guda. Saboda shi ne gizagizai ke jeruwa sahu guda mai tsawon ɗaruruwan kilomita, su kama hanyar yamma da gudun da ya kai kimanin kilomita 50 a awa, su yi rabin yini ko fiye suna tafiya. Ga amsar tambayar da yara kan yi, cewa me ya sa iska ke zuwa daga yamma amma hadari ya fito daga gabas.

Ita wannan iska ta sama ba miƙe take tafiya ba, tana lanƙwasa kamar tafiyar maciji, kuma kowace lanƙwasa takan ɗauki kwana 3 zuwa 5 kafin wata ta biyo ta. Manomi da ke cewa ruwa ya saba zuwa bayan kwana huɗu-huɗu, wannan yake lissafawa ko da bai san sunansa ba. Waɗansu daga cikin lanƙwasoshin nan, bayan sun ratsa ƙasar Hausa da Mali da Senegal sun faɗa tekun Atlantika, su ne kan rikiɗe su zama manyan guguwowin da ke yi wa Amurka da tsibiran Karayib ɓarna.

Abin da ya sa ƙura ke riga ruwa

Kowa ya san randa. Ruwan da ke tsattsafowa a jikinta yana bushewa, bushewar kuma ita ke sanyaya na ciki. Haka yake faruwa a cikin hadari. Ruwan da ya zubo daga girgije yana ratsa busasshiyar iskar nan ta tsakiya, wani kashi nasa ya bushe tun bai taɓa ƙasa ba, sai iskar ta yi sanyi, ta yi nauyi, ta faɗo kamar an kifar da masaki. Da ta bugi ƙasa sai ta bazu gaba da gudu, ta kwashi yashi da ƙura ta yi bango ja wanda ke rufe rana. Sanyin da ake ji farat ɗaya kafin ɗigon farko, nata ne. A wasu lokuta bugunta kan kai kilomita 100 a awa, wanda ya isa ya ɗaga kwanon da ba a ɗaure da kyau ba, ya karya reshe, ya kwantar da turken lantarki.

Aikin wannan iska mai sanyi bai tsaya nan ba. Tana kutsawa ƙarƙashin iska mai ɗumi da ke gabanta kamar yadda garma ke shiga ƙasa, ta ɗaga ta sama, sabon girgije ya haɗu a goshin hadarin yayin da tsohon ke mutuwa a baya. Ke nan hadarin da ya baro Damagaram da wanda ya iso Maijirgi suna ɗaya ne, amma gizagizan sun sake. Saboda haka ne kuma ruwan ke zuwa hawa biyu: na farko mai duka da tsawa, wanda bai cika wuce rabin awa zuwa awa guda ba, na biyu kuma mai laushi wanda kan ɗauki awa biyu ko uku. Na biyun shi ƙasa ke sha, na farkon kuwa rabonsa kwari da korama.

Kowane sashe na damina da irin haɗarinsa. A watan Mayu da Yuni ƙasa tsirara take, iskar ƙasa kuma ba ta ƙoshi da laima ba, don haka hadari ya fi yawan iska da ƙura, wani lokaci ma ba ɗigo ko ɗaya. Yashin da ke gudu yana yanke gero ɗan kwana goma ko ya binne shi, mai gona ya sake shuka sau biyu, sau uku, da irin da ya ranto. A watan Agusta kuwa ƙasa ta riga ta sha, garu ya jiƙe har gindi, ruwa shi ne abin tsoro. A Satumba iska takan dawo, ta tarar da gero ya yi kai ya yi nauyi, ta kwantar da shi kwana kaɗan kafin girbi.

Ruwa ya dawo, amma da wata fuska

Waɗanda suka ga fari na 1973 da na 1984 sun yi shekaru suna roƙon ruwa ya dawo. Ya kuwa dawo tun daga shekarun 1990, sai dai ba yadda ya tafi ba. Ma'aunan ruwa na yankin Sahel sun nuna cewa yawan kwanakin da ake ruwa bai koma kamar na shekarun 1950 ba, amma ruwan da ke sauka a zubi ɗaya ya ƙaru. Wato abin da ake rabawa a ƙwarya goma yanzu a ƙwarya bakwai ake zuba shi, tsakaninsu kuma a sami tsaikon da ke ƙona shuka.

A shekarar 2017 wata ƙungiyar masana ƙarƙashin jagorancin Christopher Taylor na ƙasar Ingila ta wallafa sakamakon nazarin hotunan tauraron ɗan adam na shekara 35. Ta gano cewa hadura mafiya tsanani a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Dalilin da suka bayar yana komawa ga dutsen murhu na uku: hamada tana ƙara zafi fiye da ƙasashen da ke kudu da ita, bambancin ya ƙaru, iskar sama ta ƙara ƙarfi, hadari ya ƙara samun abin da ke tsayar da shi. Ƙari a kan haka, duk awo ɗaya na zafi da iska ta ƙara, tana iya ɗaukar ƙarin tururin ruwa kimanin kashi 7 cikin 100. Hayaƙin masana'antun da ya jawo wannan ɗumama ba a Urafan ko Kanambakashe aka tayar da shi ba, amma a nan ake biyan kuɗinsa.

Jahar Maraɗi ta ga misali da idonta. Ranar Juma'a 30 ga watan Agusta 2024, kimanin milimita 150 suka zuba a birnin Maraɗi cikin awa ɗaya da rabi, aƙalla mutum 15 suka rasu. Don mai karatu ya gane nauyin wannan adadi: milimita ɗaya daidai yake da lita ɗaya a kan kowane murabba'in mita. Ɗaki mai mita 4 a tsaye 4 a kwance ya karɓi lita 2400 ke nan, wato ganga 12 masu cin lita 200, a kan rufin ƙasa da itace. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan shekara ne ya sauka tsakanin sallar da ta wuce da mai zuwa. Kwana kaɗan bayan haka tsohon masallacin Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya rushe. A ƙarshen wannan damina hukumomi sun ƙirga kusan mutum 400 da suka rasu a faɗin ƙasa, da fiye da miliyon 1 da rabi da ɓarnar ta shafa, har aka ɗage komawa makarantu zuwa ƙarshen Oktoba saboda azuzuwa sun zama masaukin waɗanda suka rasa muhalli. Sanadi biyu ne ke maimaituwa a irin wannan ƙididdiga kowace shekara: rushewar ɗaki da nutsewa.

Amma ba a ɗora wa sama laifin duka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Jigawa tana shan ruwa, amma inda aka sare itace aka kwashe kara, ƙasa takan yi ɓawo ta zama faƙo, ruwa ya zame a kanta kamar a kan daɓe. Masana ruwa sun daɗe da lura cewa ko a shekarun fari, ruwan da ke gudu a koramun Sahel ƙaruwa ya yi maimakon ya ragu, saboda wannan dalili. A cikin garuruwa kuma, tafkunan da ke karɓar ruwan unguwanni, irin waɗanda garin Tasawa ke da su, idan aka cike bakinsu da shara ko aka yanka filaye a cikinsu, ruwan ba ya fasa zuwa, sai dai ya nemi ɗakin wani. Haka kwarin Gulbin Kaba da ya ratsa ƙasar Mayahi: don ya yi shekaru ba ya gudu kamar da, ba shi ne ya daina zama hanyar ruwa ba. Ruwa ba ya manta hanyarsa.

Tsawa

Cikin girgije mai tsawo ƙanƙara da ɗigon ruwa suna gogayya, wutar lantarki ta taru har ta nemi hanyar sauka. Hanyar da ta bi tana zafi har awo dubu 30, wato ya ninka na fuskar rana kusan sau biyar, iskar wurin ta buɗe da ƙarfi, shi ne rugugin da ake ji. Haske yana isowa nan take, ƙara kuwa tana cin kilomita ɗaya cikin daƙiƙa 3. Wanda ya ga walƙiya ya ƙirga, idan bai kai 30 ba ya ji cida, to abin bai fi kilomita 10 da shi ba, kuma yana cikin inda za ta iya kai masa, ko da a kansa ba a fara ruwa ba.

Tsawa tana son abin da ya fi tsawo a fili. A gonakin Mayahi da Tasawa kuwa abin da ya fi tsawo shi ne gawo ko goriba da ke tsaye ita kaɗai, wato daidai inda mai noma da makiyayi ke gudu su fake. Dabbobin da suka cunkushe a gindin itace kan mutu tare, domin wutar tana bazuwa a cikin ƙasa ta shiga ta ƙafafu. Mafaka ta gari ita ce ɗaki rufaffe ko cikin mota. Amalanke, babur, rumfar kara, bakin tafki da saman tudu ba mafaka ba ne. Idan hadari ya rutsa da mutane a fili, su bar gindin itace, su ajiye hauya da gatari nesa, su warwatsu maimakon su dunƙule wuri guda, su nemi inda ƙasa ta yi ƙasa amma ba hanyar ruwa ba.

Akwai kuma wata al'ada da ta kamata a dube ta da idon basira. A wurare da dama ana tsoron taɓa wanda aradu ta faɗa wa, ana jiran sai wani mai asiri ya zo. Gaskiyar magana ita ce jikinsa ba ya riƙe wuta ko kaɗan, kuma da yawa daga waɗanda tsawa ta buga suna rayuwa. Abin da ke kashewa shi ne tsayawar zuciya da numfashi, kuma mintocin farko su ne na ceto: a danna ƙirji, a hura numfashi, a garzaya da shi likita. Jiran da ake yi don tsoro ya sha cinye ran da tsawar ta bari.

Labarin da ke makalewa a hanya

Birnin Yamai ya tara masana yanayi da dama. Cibiyar AGRHYMET tana nan tun 1974, cibiyar ACMAD mai aiki domin nahiyar Afirka baki ɗaya ita ma a nan take, ga kuma ma'aikatar yanayi ta ƙasa. A sararin ƙasar nan aka yi manyan binciken HAPEX-Sahel a 1992 da AMMA a 2006, waɗanda duniya ta koyi da yawa daga abin da aka zayyana a sama daga gare su. Taurarin Meteosat suna aiko hoton gizagizan Afirka kowane minti 15, sabon da aka harba a Disamba 2022 kuma kowane minti 10, har da na'urar da ke ganin walƙiya. Ke nan ba a rasa idon da ke ganin hadari tun yana haɗuwa. Inda gizo ke saƙa shi ne tsakanin allon kwamfuta na Yamai da kunnen matar da ke kwance da ƴaƴanta a ɗakin ƙasa a wani ƙauyen Sarkin Hausa.

Sanarwar da ke cewa ana sa ran ruwa da tsawa a jahohin Damagaram, Maraɗi da Tawa cikin awa 24 gaskiya ce, amma ta yi faɗi. Ba ta gaya wa kowa ya tashi daga inda yake. Alhali kuwa lissafin ba mai wuya ba ne. Daga Damagaram zuwa Tasawa bai fi kilomita 120 ba. Hadari mai gudun kilomita 50 a awa, idan ya bugi Damagaram, yana da kimanin awa biyu kafin ya iso Tasawa, da wata awa guda kafin Mayahi. Ba kowane hadari ne ke bin wannan ƙa'ida ba: wani a kan gari yake haɗuwa, wani ya mutu a hanya, wani ya karkata kudu. Amma manyan, masu sahu, waɗanda suka fi ɓarna, su ne suka fi bin ta.

Awa biyu ba ƙaramin abu ba ne. Sun isa yaro ya koro garke daga daji, ƴan kasuwar ƙauye su rufe hatsi, mai amalanke ya fasa ratsa korama, a fitar da tsohuwa da jarirai daga ɗakin da ya tsage a kai su na maƙwabci. Wannan ya fi muhimmanci da yake hadura da yawa da la'asar suke tashi, su iso nan da dare, lokacin da dattijon da ya iya duban gabas yake barci.

Kayan aikin isar da saƙon duka suna nan. Wayar salula ta shiga kusan kowane ƙauye. Akwai gidajen radiyon karkara masu magana da Hausa, akwai ma'aikatan gona da masu kula da ma'aunin ruwa, akwai masu gari da masu shela, akwai lasifikar masallaci wadda ba ta rasa mai ji. Abin da ya rage shi ne a ɗinke su: ma'aikatar yanayi ta fitar da gajeren gargaɗi da Hausa, mai ambaton sunan gunduma da lokaci, a matsayin saƙon murya domin wanda bai yi karatu ba, kowace ma'aikatar magajin gari ta sa mutum guda da aka sani wanda ke karɓa dare da rana a watannin damina, shi kuma ya san masu gari goma da zai kira, kowanensu ya san abin da zai faɗa. Garuruwan gabas su riƙa sanar da na yamma abin da ya wuce ta kansu, da ƙarfinsa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi alkawari a 2022 cewa kafin ƙarshen 2027 kowane ɗan adam zai kasance ƙarƙashin tsarin gargaɗin gaggawa. A ƙasar Mayahi ba da yawan tarurruka za a auna cikar wannan alkawari ba, sai da ko wayar mai gari ta yi ƙara kafin iska ta iso.

Wajibi ne kuma a gaya wa jama'a gaskiya tun farko, cewa wani gargaɗin zai zo hadarin bai zo ba. Wanda aka tayar sau uku a banza, ran na huɗu ba zai tashi ba, sai in an riga an fahimtar da shi cewa asarar barcin dare uku ba ta kai ta rai guda ba.

Abin da awa biyu ba su iya gyarawa

Tun ran gini ran zane. Gargaɗi yana fitar da mutum daga ɗaki, amma ba ya tsayar da ɗakin. Wannan aikin rani ne: yaɓen garu, gyaran indararo don kada ruwa ya kwanta a rufi, tayar da gindin gini da dutse ko siminti gwargwadon hali, ɗaure kwano da waya maimakon a danne shi da bulo, yashe magudanai tun watan Mayu, da hana yanka fili a cikin tafki ko da wane ne ya nema. Ɗora rumbu a kan tudu ma yana cikin lissafi, domin wanda ya tsira da rai ya rasa hatsi, wata masifar ce ke jiransa.

A gona kuwa maganin iska an riga an same shi, kuma a wannan jaha aka same shi. Tun daga shekarun 1980 manoman Maraɗi suka koma barin tohon itatuwa a gonakinsu suna yi masa sassabe na gyara maimakon su tumɓuke, har aka ƙiyasta cewa hekta miliyon 5 sun sake yin itace a kudancin ƙasar nan. Gawo, kalgo da sabara suna karya gudun iska a daidai inda gero ke tsiro, saiwarsu kuma tana buɗe wa ruwa hanya ya shiga ƙasa. Itacen da ba a fakewa gindinsa ran tsawa shi ne mai tsaron shuka ran iska. Kowane da ranarsa.

Ruwa na Allah ne, shi ke saukar da shi inda ya so, babu mai musun wannan a Tasawa ko Mayahi. Amma wanda ya ba da ruwan shi ya ba da ido da hankali, ya kuma sa hadari ya riƙa tahowa ta hanya sananniya, da gudu sananne. Magabata da masana sun riga sun ga abin da ke tafe. Haƙƙin talakka ne a gaya masa da harshensa, a kan lokaci. Allah ya ba da damina mai albarka, ya tsare jama'a daga sharrin iska da tsawa.